Dakta Byang Kato: Shugaban da Shirinsa Bai Mutu Tare da Shi Ba

Shugabanni da yawa a ikilisiya sukan tafi kabari da burinsu a cikin ciki, domin ba su taɓa zaunar da jama'a sun bayyana musu inda aka dosa ba. Marigayi Dakta Byang Henry Kato ba ya cikin irin waɗannan. Shekara 39 kawai ya yi a duniya, amma yawancin ayyukan da ya tsara, bayan rasuwarsa ne suka tsaya da ƙafafunsu.

An haife shi a shekarar 1936 a ƙasar Kwoi, cikin kabilar Jaba, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Iyayensa masu bin addinin gargajiya ne, kuma tun yana jariri aka keɓe shi domin hidimar tsafi. Yana da kimanin shekara 12 ya karɓi Almasihu a makarantar mishan ta SIM da ke Kwoi. Ya gama Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja a 1957, ya koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki, sa'an nan ya tafi Ingila, inda ya sami digiri a fannin tauhidi a 1966. A 1967 aka zaɓe shi Babban Sakataren ECWA, ya riƙe wannan muƙami cikin shekarun yaƙin basasar Nijeriya. Daga 1970 ya tafi ƙaro ilimi a makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, wadda ta ba shi digirin dakta a 1974.

A 1973, a taron da aka yi a Limuru ta ƙasar Kenya, aka zaɓe shi Babban Sakataren AEAM, wato ƙungiyar masu bin bishara ta Afirka da Madagaska. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. A nan ne hangen nesansa ya fito fili.

Da farko dai ya gano cutar, ya kuma raɗa mata suna. Ya ga ikilisiyar Afirka tana yaɗuwa da sauri, majami'u suna cika, amma masu koyarwa da zurfin sani kaɗan ne. Ya kwatanta wannan hali da ciwon ƙarancin jini: jiki ga shi ƙato, amma ba ƙarfi. Kwatanci ne da fasto na ƙauye da malamin jami'a duk za su gane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ikilisiyar da ba ta da koyarwa mai tushe, garwaya bishara da wasu al'amura ba zai yi mata wuya ba.

Bai tsaya ga kuka ba. Ya raba maganin gida huɗu, yadda kowa zai iya ƙirgawa da yatsu. Na ɗaya, 'yan Afirka masu bi su riƙa rubuta littattafan tauhidi da kansu. Na biyu, a kafa manyan makarantun tauhidi a cikin Afirka, ɗaya ta masu Faransanci, ɗaya ta masu Turanci, don kada sai an ƙetare teku kafin a sami ilimi mai zurfi. Na uku, a sami mujallar da masana za su riƙa yin rubutu a cikinta. Na huɗu, a kafa hukumar da za ta duba ingancin makarantun tauhidi.

Wannan shiri ya riƙa maimaitawa duk inda ya sa ƙafa, a wa'azi, a rubuce, da wuraren taro. Da yake ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ya bi ta hukumar tauhidi ta AEAM, domin aikin ya zama na mutane da yawa. Shi ma ya sa hannu a kashi na farko da littafinsa mai suna Theological Pitfalls in Africa, wanda ya fito a 1975.

Littafin ya jawo gardama. A ciki ya soki ra'ayin manyan masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya game da matsayin addinan gargajiya. Wasu suka ce ya yi zafi da yawa, wasu suka ce ra'ayin malamansa na Amurka ya kwaso. Amma bai sami zarafin ci gaba da muhawarar ba. A ranar 19 ga Disamba 1975 ruwa ya ci shi a bakin teku kusa da Mombasa, inda ya je hutu da iyalinsa, bai ko cika shekara uku a kan muƙamin ba.

Da a cikin kansa kaɗai shirin yake, da a nan zance ya ƙare. Amma a 1976 aka kafa hukumar tantance makarantu, wato ACTEA. A 1977 makarantar masu Faransanci ta buɗe a Bangui, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A 1982 mujallar tauhidi ta fara fitowa a Kenya, a 1983 kuma makarantar masu Turanci ta fara aiki a Nairobi, wadda daga baya ta zama jami'a. A Jos, ɗakin karatu na makarantar tauhidi ta ECWA yana ɗauke da sunansa.

'Yan'uwa fastoci da dattawan ikilisiya, sai kowa ya tambayi kansa: in Ubangiji ya kira ni gobe, ko akwai mutum biyar a majami'ata da za su iya faɗin inda muka nufa, da matakin da ke gaba? In babu, aikin wannan mako ke nan: a rubuta shirin, a faɗe shi da harshen da jama'a ke ji, a kuma raba wa kowa nasa kaya. Allah ya ba mu hikima. Amin.