Jim Thorpe

James Francis Thorpe (Mayu 1887 – 28 ga Maris, 1953) ɗan wasan Amurka ne wanda ya ci lambobin zinare biyu a gasar Olamfik ta 1912 a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, a gasar wasanni biyar da ta wasanni goma. Irin waɗannan gasanni, kamar gasar zamani ta ninƙaya da tseren keke da gudu, suna neman mutum ɗaya ya iya wasanni daban-daban. An ƙwace lambobinsa bayan watanni shida saboda ya taɓa karɓar kuɗi a wasa, daga nan kuma ya mai da wasa sana'a har ya kai shekara 41.

Farkon rayuwa

An haife shi kusa da garin Prague, a yankin da yanzu ake kira jihar Oklahoma. Ɗan ƙabilar Sac da Fox ne, cikin 'yan asalin Amurka da Turawa suka tarar. Sunansa na gida Wa-Tho-Huk, wato hanya mai haske. Tagwaye ne, ɗan'uwansa Charlie ya mutu suna da shekara tara. A 1904 aka kai shi makarantar Carlisle a jihar Pennsylvania, wadda gwamnati ta kafa don raba 'ya'yan ƙabilun asali da harsunansu da al'adunsu. A can ne koci Glenn Warner ya gano baiwarsa a guje-guje da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. A 1911 Carlisle ta doke Jami'ar Harvard da ci 18 da 15, akasarin makin daga ƙafar Thorpe.

Gasar Stockholm

A wasanni biyar ya zo na ɗaya a dogon tsalle, da gudun mita 200, da jifan faifai, da gudun mita 1500. Jifan mashi kaɗai ya kuɓuce masa, inda ya zo na uku. A wasanni goma ya tara maki 8,412, ya ba Hugo Wieslander na Suwidin, wanda ya zo na biyu, ratar kusan maki 700. Wasu wasannin ma da takalma wari da wari ya yi su, domin nasa sun ɓace. Sarki Gustav na Biyar ne ya miƙa masa kyaututtukan.

Ƙwace lambobin

A lokacin, dokar Olamfik ta ce sai mai wasa don sha'awa zai shiga, wanda bai taɓa cin kuɗin wasa ba. A watan Janairun 1913 jaridar Worcester Telegram ta buga cewa Thorpe ya buga besbol, wasan doke ƙwallo da kulki, a wata ƙaramar ƙungiya ta garin Rocky Mount a jihar North Carolina a 1909 da 1910, ana biyansa. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, wani lokaci dala biyu a wasa. Ɗalibai da yawa suna yin haka a lokacin hutu, sai dai su da sunan bogi suke yi, shi kuwa da sunansa na gaskiya ya yi.

Hukumar wasannin Amurka ta soke matsayinsa, Kwamitin Olamfik na Duniya ya share sunansa daga jerin zakaru. An yi haka ne duk da cewa dokar gasar 1912 ta ba da kwana 30 kacal bayan rufe gasa don shigar da ƙorafi. Dokar wasa don sha'awa kanta ta fi dacewa da ɗan mai hali, wanda ba ya neman abin da zai ci, kuma da yawa daga waɗanda suka yi nazarin lamarin suna ganin ƙabilarsa ta sa aka yi saurin hukunta shi.

Sana'ar wasa

A 1913 ya shiga ƙungiyar besbol ta New York Giants, ya yi kaka shida a babbar gasa zuwa 1919, ba tare da ya yi fice sosai ba. A ƙwallon ƙafar Amurka ya fi haskakawa. Canton Bulldogs ta ɗauke shi a 1915 kan dala 250 a kowane wasa, suka ci kofi a 1916 da 1917 da 1919. A 1920 aka naɗa shi shugaban farko na hukumar da ta zama NFL a 1922. Ya kuma jagoranci Oorang Indians, ƙungiyar 'yan asalin Amurka zalla. Ya daina wasa a 1928.

Ƙarshen rayuwa

Ritayarsa ta zo gab da karayar tattalin arziƙin duniya. Ya yi leburanci da gadi da ƙananan fitowa a finafinan Hollywood, shan giya kuma ya yi masa illa. A 1950 kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Amurka na rabin farkon ƙarni na 20, alhali yana fama da talauci. Ya mutu sakamakon ciwon zuciya a Lomita, jihar Kalifoniya. Matarsa ta uku, Patricia, ta yarda aka binne shi a Mauch Chunk da ke Pennsylvania, garin da bai taɓa takawa ba, aka sauya wa garin suna zuwa Jim Thorpe.

A 1982 Kwamitin Olamfik ya mayar masa da matsayinsa, amma a matsayin wanda ya raba nasara da waɗanda suka zo na biyu, aka ba 'ya'yansa lambobi a Janairun 1983. Sai a watan Yulin 2022 aka ayyana shi kaɗai a matsayin zakaran gasannin biyu.