John DeLorean, injiniyan da ya zagaye dokar General Motors ya fito da GTO

A kowane watan Janairu, dillalai da masu sha'awar tsofaffin motoci kan yi cincirindo a garin Scottsdale na jihar Arizona da kuma Kissimmee ta jihar Florida, inda ake gwanjon motocin nan da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji, wato matsakaitan motoci masu ƙofa biyu waɗanda aka ɗora wa ƙaton inji. A can Kissimmee ne a shekarar 2023 aka sayar da wata Pontiac GTO ƙirar 1970 a kan dala miliyan 1 da dubu 100. Mutumin da ake dangantawa da asalin wannan mota kuwa, John Zachary DeLorean, ya bar duniya tun a 2005, bayan ya rasa kamfaninsa da gidansa.

An haifi DeLorean ranar 6 ga watan Janairun 1925 a birnin Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka. Mahaifinsa ɗan ci-rani ne daga ƙasar Romaniya, yana aiki a masana'antar narka ƙarfe ta kamfanin Ford. An ɗauki John aikin soja a 1943, ya yi shekaru uku, sannan ya koma ya ƙarasa karatun injiniya. Ya taɓa aiki a kamfanonin Chrysler da Packard, kafin a 1956 ya koma Pontiac, ɗaya daga cikin rassan kamfanin General Motors. A lokacin, ana yi wa motocin Pontiac kallon na dattawa. Shugaban reshen, Semon Knudsen, ya ƙuduri aniyar jawo matasa ta hanyar shiga gasar tseren motoci, kuma a 1961 DeLorean ya zama babban injiniyan reshen.

Sai dai a farkon 1963 shugabannin General Motors suka haramta wa dukkan rassan kamfanin shiga harkar tsere. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta hana a sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce lita 5.4. DeLorean da abokan aikinsa biyu, Bill Collins da Russ Gee, sun lura cewa injin nan mai silinda takwas, mai lita 6.4, wanda ake sa wa manyan motocin Pontiac, zai zauna daidai a cikin ƙaramar motarsu mai suna Tempest. Saura yadda za a wuce da maganar a gaban shugabanni. Sabuwar mota tana bukatar amincewar kwamitin ƙoli na kamfanin, amma ƙarin kayan da mai saye ke zaɓa a ɗora wa motarsa ba sa bukatar haka. Saboda haka aka fito da GTO a matsayin ƙarin kaya na kimanin dala 295 a kan samfurin Tempest LeMans na 1964. Sunan ma aro aka yi daga wata motar tsere ta kamfanin Ferrari na Italiya, abin da bai yi wa masoyan Ferrari daɗi ba.

Sashen ciniki na Pontiac bai yi zaton za a sayar da fiye da guda 5,000 ba. A shekarar farko an sayar da 32,450, a 1966 kuma adadin ya kai 96,946. Matashin da ke da matsakaicin albashi ya sami mota mai ƙarfin dawaki 325, shugabannin da aka zagaye kuma suka ga riba suka kawar da kai. Nan da nan sauran masu ƙera motoci suka bi sahu da irinsu Oldsmobile 442, da Chevelle SS 396, da Plymouth Road Runner.

Wannan dabara ta DeLorean ita ce har yau ke ba masu sayen tsofaffin GTO ciwon kai. Tun da a 1964 da 1965 GTO ba samfuri ba ce mai cin gashin kanta, lambar da ke jikin motar LeMans kawai take nunawa. Ƙwararren bakanike na iya sayen tsohuwar LeMans da araha, ya kankare tsatsa, ya sauya murfin inji, ya ɗora babban inji da tambarin GTO, ya yi fenti, sannan ya nemi kuɗin ta asali. Mai saye da ya san kasuwa ba ya biya sai ya ga takardun da wata cibiya mai suna Pontiac Historic Services ke bayarwa daga tsofaffin rasitan masana'anta, waɗanda ke nuna kayan da kowace mota ta fito da su. Daga 1966 ne GTO ta sami lambarta mai farawa da 242. Ko a nan ma, farashi ya danganta ne ga ko injin da ke ciki shi ne wanda aka haife ta da shi, domin da yawa daga cikin injinan an ƙona su a tsere tun masu su suna samari.

Shi kuwa DeLorean, likkafa ta ci gaba. A 1965 ya zama shugaban Pontiac yana da shekaru 40, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa ba irin wannan muƙami a kamfanin a lokacin, a 1969 kuma aka ba shi reshen Chevrolet. Amma shigarsa da hulɗarsa da taurarin Hollywood ba su dace da ɗabi'ar manyan kamfanin ba, kuma a watan Afrilun 1973 ya bar aiki. Zamanin motoci masu ƙwanji ma a lokacin yake ƙarewa, sakamakon tsadar inshora, da dokar tsabtace iska ta 1970, da takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973.

A 1975 ya kafa nasa kamfanin, don ƙera mota mai jikin ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu. Gwamnatin Birtaniya, wadda ke neman samar da ayyukan yi a Ireland ta Arewa mai fama da rikici, ta zuba kusan fam miliyan 80, aka gina masana'anta a Dunmurry kusa da birnin Belfast. An fara ƙera motar a 1981, a kan dala 25,000 kowace. Abin mamaki, mutumin da ya yi suna da ƙarfin inji ya fito da mota mai ƙarfin dawaki 130 kacal. Ciniki bai kankama ba, motoci kimanin 9,000 aka ƙera, gwamnatin Margaret Thatcher kuma ta ƙi ƙara kuɗi.

Ranar 19 ga watan Oktoban 1982 jami'an hukumar FBI suka kama shi a Los Angeles bisa zargin shiga cinikin hodar iblis ta dala miliyan 24, a daidai ranar da aka ba da sanarwar rufe masana'antar, ma'aikata kuma suka rasa abin yi. Lauyoyinsa sun nuna cewa jami'an gwamnati ne suka ɗana masa tarko, kuma a watan Agustan 1984 kotu ta wanke shi. An sake wanke shi a 1986 daga tuhumar zamba a Detroit. Duk da haka batun kuɗaɗen da suka ɓace bai mutu ba, domin a 1992 wata kotu a Belfast ta ɗaure Fred Bushell, tsohon jami'in kamfanin Lotus da ya yi aikin injiniyan motar, saboda hannunsa a karkatar da su. Fim ɗin Back to the Future na 1985 ya sa motar ta yi suna a duniya, amma a lokacin babu sauran masana'antar da za ta ci moriyar wannan suna.

Ƙararrakin masu bin sa bashi sun bi shi har tsufansa. A 1999 ya bayyana karayar arzikinsa, a shekarar da ta biyo baya kuma ya rabu da ƙaton gidan gonarsa na Bedminster a jihar New Jersey, wanda daga baya Donald Trump ya mayar filin wasan golf. Ya rasu ranar 19 ga watan Maris na 2005 sakamakon shanyewar jiki, yana da shekaru 80. Reshen Pontiac ma General Motors ta rufe shi a 2010. An binne DeLorean a garin Troy na jihar Michigan, kuma hoton motar nan ta Belfast ne aka zana a kan dutsen kabarinsa, ƙofofinta a buɗe.