Malam Abdullahi na Gwandu, Mai Tsaron Hakkin Raunana

A cikin manyan malaman ƙasar nan da suka riga mu gidan gaskiya, kaɗan ne suka yi wa shari'a hidima kamar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Boɗinga. Mutanen Zauro da Ambursa da Birnin Kebbi sun san sunansa tun suna yara, domin Sarakunan Gwandu zuriyarsa ne. Amma sanin suna dabam, sanin aikin mai suna dabam. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da tarihinsa a taƙaice, musamman abin da ya shafi mata da talakawa.

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766, watau Shehu ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu. Ya fara karatu wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, sa'an nan ya koma hannun Shehu. Ya kuma ɗauki ilimi wurin malamai da dama, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya yi zurfi ƙwarai cikin nahawu da fiƙihu da tafsiri, har ana lissafa shi a sahun gaba na masu Larabci a zamaninsa.

Tun yana saurayi ya nuna inda ya sa gaba game da mata. Sa'ad da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wajen 1786, mata suna zuwa saurare kamar yadda maza suke zuwa. Wani malami mutumin Barno, Mustafa Gwani, ya tarye su a wani wuri da ake kira Daura, ya soki Shehu cikin waƙa, ya nemi a hana mata halartar wa'azi. Shehu ya umurci ƙanensa ya ba da amsa. Abdullahi, yana da shekara kamar ashirin, ya mayar da jawabi cikin waƙa, ya nuna barin mata cikin jahilci, ba su san abin da ke kansu ba balle abin da ke nasu, ya fi fitowarsu neman sani ɓarna. Shehu kansa, cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu.

Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Abdullahi ya zama wazirin Shehu. Shi ya shugabanci jama'a ranar Tabkin Kwatto cikin wannan shekara, yana kuma kan gaba sa'ad da aka ci Birnin Kebbi a 1805. Amma nasara ba ta rufe masa ido ba. Da ya ga waɗansu sun fara karkata ga tara dukiya da neman sarauta, sai zuciyarsa ta ɓaci, ya bar Gwandu wajen 1807 da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake hukunci. Nan ya karantar da tafsiri, ya kuma wallafa Diya'ul Hukkami, littafin da ya zama jagora ga sarakuna da alƙalai. Bayan wannan ya fasa tafiyar, ya komo gida.

Abin da ya riƙe game da mulki a fili yake. Shugaba makiyayi ne, za a kuwa tambaye shi kiwon da aka ba shi. Alƙali ba ya karɓar toshi, ba ya fifita mai hali a kan marar hali. A wannan ya bi sawun Shehu Magili, wanda ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kada ya ɓuya wa talakawansa, ya riƙa zama yadda mace da yaro za su iya kai kukansu gare shi.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Muhammadu Bello gabas. Abdullahi ya zauna Boɗinga yana karantarwa yana wallafa. A wannan zamani ya rubuta Tazyinul Waraƙati da babban tafsirinsa Diya'ut Ta'awili. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka naɗa Bello, shi kuwa ya koma Gwandu. An ɗan yi sanyin zumunci tsakaninsu, har ranar da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, suka daidaita. Allah ya yi masa rasuwa a Gwandu cikin 1829, ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Halilu.

To, ina ruwan matar ƙauye da wannan tarihi? Ruwanta babba ne. Fiƙihun Malikiyya da Malam Abdullahi ya karantar, wanda kotunan shari'a na Jihar Kebbi suke aiki da shi, bai bar ta hannun banza ba. Ci da sha da sutura da wurin kwana wajibi ne a kan miji. In yana da hali ya ƙi, alƙali ya tilasta shi. In ba shi da hali, a ɗiba masa lokaci, in ya kāsa kuma matar ta nema, a raba auren. In ya yi tafiya ya bar dukiya, alƙali ya yanka mata abin ciyarwa daga ciki bayan ta yi rantsuwa. In ya ɓace babu labari, ga kuma abin ciyar da ita, ta jira shekara huɗu bayan an bincika, sa'an nan ta yi takaba. Har wa yau akwai wani hukunci da ya kamata kowace mace ta sani: in miji ya komo ya ce ya riƙa aiko mata, ita kuwa ta musa, maganarta ake kamawa tare da rantsuwa tun daga ranar da ta kai ƙara. Watau jinkirin kai kuka hasara ce gare ta.

Ga shari'a sarai, amma sau da yawa ba ta isa ƙauye. A garuruwan bakin fadamar Rima, in an gama girbin shinkafa, maza da dama sukan tafi cin rani. Mafi yawa sukan komo da abin da suka samu, waɗansu kuwa sai shiru. Matar da aka bari da 'ya'ya ba ta da kuɗin mota zuwa kotu, ba ta san abin da za ta faɗa ba, ga kunya, ga tsoron a ce ta tona asirin gida.

Saboda irin wannan ne taimakon shari'a kyauta yake da amfani. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ba marasa hali lauya kyauta a 1976, aka sabunta dokarta a 2011. Ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, tana aiki a Nijeriya tun 1964, tana tsaya wa mata da yara marasa ƙarfi. Amma ofis a birni ba ya amfanin wadda ba ta taɓa jin labarinsa ba. Wajibi ne hakimai da dagatai da limamai su sanar, malaman makaranta kuma su koya wa 'yan mata waɗannan hukunce-hukunce tun kafin a kai su ɗaki.

Malam Abdullahi ya ƙi yarda a bar mace cikin jahilci, ya ƙi yarda a rufe wa mai rauni ƙofar hukuma. Mu da muke zaune a ƙasarsa mu ne muka fi cancanta mu riƙe wannan amana. Allah ya jiƙansa, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.