Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Gyaran Mulkin En'e

An haifi Malam Abubakar a ƙasar Bauci cikin shekarar 1912. Ya fara karatun boko a gida, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito da takardar shaidar malanta a 1933. Makarantar Midil ta Bauci aka kai shi, ya yi ta koyarwa har ya zama Hedimasta. A 1945 aka aika da shi Ingila ƙaro ilmi, da ya komo aka sa shi cikin Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa.

A zamanin nan mulkin En'e duk yana hannun sarki shi kaɗai. Haraji da kotun alkali da 'yan doka da gidan yari duk a ƙarƙashinsa suke. In ma'aikaci ya cuci talaka, ba inda zai kai ƙara sai wurin iyayen gidan wanda ya cuce shi. Wannan kuwa ba kura ajiyar nama ke nan.

A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar ya miƙe a majalisa a Kaduna, ya kawo batu. Ya bayyana yadda cin hanci ya yi yawa, da yadda ba a shawartar talakawa kan abin da ya shafe su. Ya nemi a naɗa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin En'e duka. Maganar ta ɓata wa sarakuna da yawa rai. Duk da haka majalisa ta yarda da batun.

Gwamnati ba ta naɗa mutanen waje ba, Turawan mulki biyu ta sa, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. Amma gyara ya biyo baya. Aka daina barin sarki ya yanke shawara shi kaɗai sai tare da majalisarsa, aka kuma yi Dokar En'e ta 1954 wadda ta hau kan kowace En'e ta Arewa, har da ta Fika da ke nan Potiskum.

Ya zama Minista a Ikko a 1952, ya zama Firayim Minista a 1957, shi ya ja ragamar Nijeriya lokacin samun mulkin kai a 1960. Sojoji suka kashe shi a watan Janairu na 1966, aka binne shi a Bauci. Sai a 1975 aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta ƙasa, inda talaka zai kai ƙarar ma'aikatar gwamnati.

'Yan'uwa ɗalibai, gobe ku za a danƙa wa rajista da kuɗin makaranta da makin jarrabawa. Ranar da sufeto ya zo duba littattafanku kada ku ɗaure fuska, ku tuna malami irinku ne ya tsaya kai da fata a kan a riƙa bin sawun masu riƙe da amana. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.