Alhassan Ɗantata: Attajirin da ya mayar da jarinsa tsani ga wasu

An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, saboda haka ya tashi yana karatun allo yana neman na kansa, kafin shi ma ya kama fataucin goro.

Isowar jirgin ƙasa Kano ta buɗe kasuwar gyaɗa, kuma a 1918 ya fara saya wa kamfanin Niger Company. A nan hikimarsa ta bayyana: yakan ba ƙananan 'yan kasuwa jari bisa amana, su shiga ƙauyuka su sayo gyaɗa, su ci ribarsu. Da yawa daga cikinsu sun tsaya da ƙafafunsu. Dukiyarsa ta bunƙasa har ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929. Bai manta da mabuƙata ba: ya ciyar da talakawa, ya biya wa mutane kuɗin aikin Hajji.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari. Sadaka tana kashe yunwar yini, jari kuwa yana raya gida. Manoman Ƙaraye da Rogo na buƙatar irin wannan amana daga attajiran yau.