Ibnun Nafis, Likitan da Ya Gano Hanyar Jini Cikin Huhu

An haifi Ibnun Nafis a yankin Dimashƙa ta ƙasar Sham wajen shekarar 1213. A asibitin Nuri na birnin ya koyi aikin likita, daga bisani ya koma Alƙahira, inda ya shahara a likitanci da fiƙihun Shafi'iyya.

A zamaninsa likitoci sun shafe fiye da shekara dubu suna bin maganar Jalinus Bayunane, cewa jini yana ƙetarewa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan kafofi. Ibnun Nafis ya musanta haka cikin sharhin da ya yi wa littafin Alƙanun na Ibnu Sina a 1242. Ya bayyana cewa bangon da ke tsakanin ɗakunan nan ba shi da kafa ko ɗaya. Jini yana fita daga dama ne, ya shiga huhu, ya gauraya da iska, sannan ya komo hagu.

Allah ya yi masa rasuwa a 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri. Bayanin nan nasa ya shige duhu, sai a 1924 wani likita Bamisre ya gano rubutun a Balin ta Jamus.