Sarkin Kano Muhammadu Abbas, Maje Nasarawa

Muhammadu Abbas ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Ibrahim Dabo. Ya ci sarauta cikin shekara ta 1903, ya rasu cikin 1919. Shekara goma sha shida ba su da yawa ga sarautar Kano, amma a cikinsu aka ɗaura abubuwa uku waɗanda har wa yau ba a gama kwance su ba, watau wanda ke da ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da wanda ke riƙon kuɗin haraji, da wanda ke da ikon ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama bisa teburin En'e, ko ya gaji aikin waɗanda suka zauna, ya kamata ya san yadda aka fara.

Abbas ya yi ƙarfi cikin zamanin tashin hankali. Cikin 1893 Sarki Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya umurci Waziri Buhari ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Abdullahi ba su yarda ba, suka fita birni suka bi Yusufu, Abbas yana cikinsu. Wannan shi ne yaƙin Basasa. Da Yusufu ya rasu suka tsai da Aliyu Babba, wanda a ke kira Alu, suka ci birni, aka kashe Tukur cikin 1895. Alu ya ba Abbas sarautar Wambai. Tun daga nan ya ga da idonsa abin da ke samun gari in an yi jayayya bisa gadon sarauta: 'yan'uwa sun kashe juna, garuruwa sun watse.

Farkon 1903 Alu ya tafi Sakkwato da manyan Kano domin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Yana can Nasara suka zo, suka ci Kano ran 3 ga watan Fabrairu. Labari ya iske jama'a bisa hanyar komowa. Alu ya rabu da su da dare ya nufi arewa, daga baya aka kama shi, ya ƙare kwanansa a Lakwaja cikin 1926. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, ya yi shahada a Kwatarkwashi. Wambai Abbas kuwa ya tattara sauran jama'a, mahaya da 'yan ƙasa, ya komo da su gida. Cikin watan Afrilu Gwamna Lugga ya naɗa shi Sarkin Kano, ya ba shi sanda.

Sandan nan da sharaɗi ta zo. Dā daga Sakkwato takardar naɗi ke fitowa, daga ran nan sai ta koma hannun Gwamna. An hana harin bayi, an hana aza haraji sai da yardar Gwamnati, an kuwa bayyana cewa wanda ya ba da sanda yana da ikon karɓe ta. Waɗansu mutane sun zargi Abbas da karɓar sarauta daga hannun Nasara, waɗansu kuwa sun ga da bai karɓa ba da gidan Dabo ya tashi, an ɗora wanda ba ya da asali. Shi dai ya ɗauka, ya sha nauyinta.

Shekarun farko sun yi masa ɗaci ƙwarai. Razdan na fari, Dokta Kagil, bai amince da shi ba. Shi ne ya yanka ƙasar Kano gunduma gunduma, har Kanawa suka sa masa suna Mai Gunduma. Kafin wannan hakimai a birni su ke zaune kusa da Sarki, garuruwan kowane hakimi a warwatse su ke, ɗaya gabas ɗaya yamma, jakadu ke zuwa su karɓo kuɗin ƙasa, kowa ya taɓa ya lasa. Aka haɗa wa kowane hakimi ƙasa guda, aka ce ya fita ya zauna cikinta, aka kau da jakadu. Fada ta yi shiru, Sarki ya rasa mashawarta. Cikin 1908 kuma Kagil ya ɗauki Ɗan Rimi Allah-bar-Sarki, bawan sarki, ya naɗa shi Waziri ba da son Abbas ba, har ya zama magana ba ta isa ga Razdan sai ta bakinsa. Wani sarkin da ya yi fushi ya yar da sanda. Abbas ya haɗiye, ya jira. Mahaƙurci mawadaci. Ba a daɗe ba Kagil ya bar Kano, cikin 1909 Mista Tempul ya zo, aka tuɓe Allah-bar-Sarki, aka naɗa Alƙali Giɗaɗo Waziri, aka kafa wa Sarki majalisar shari'a inda shi ke zama da kansa yana jin ƙarar talakawa, musamman bisa gonaki da gidaje.

Sa'an nan aka zo maganar kuɗi. Dā abin da ya shigo na Sarki ne, shi ke ciyarwa, shi ke tufatarwa, shi ke ba da doki, ba mai tambayarsa lissafi. Kuɗin ma iri iri ne: kuɗin ƙasa, da na shuka, da na karofi, da zakka, da jangali. Mista Fama ya fara Baitulmali a Katsina, wajen 1910 aka kafa irinsa a Kano. Haraji ya kasu biyu, rabi na Gwamnati, rabi na Baitulmali. Aka yanka wa Sarki albashi, haka hakimai da alƙalai da dogarai da malaman ofis. Aka aika malaman taki suna auna gonaki da ƙafa domin a san abin da kowa zai biya. Ba ƙaramin abu ba ne ga sarki ya bar taskarsa ta koma littafi, Ma'aji yana rubutawa, Bature yana dubawa. Amma daga nan En'e ta tsaya da ƙafafunta, kuma da kuɗin Baitulmalin nan aka yi wa birni famfo da lantarki da asibiti zamanin ɗansa Abdullahi Bayero.

Ta uku ita ce ƙasa. Cikin 1910 aka yi doka wadda ta sa dukan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe ta amana domin 'yan ƙasa. Ta yi amfani, gama ta hana baƙi sayen gonakin talakawa. Amma ta ɗauke asalin iko daga fada, ta bar wa Sarki da hakimai rabo da sulhu kurum. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 bisa wannan aka gina ta, dokar 1978 kuma ta shimfiɗa tsarin ga Nijeriya duka, ta sa ƙasa hannun gwamnan kowace jiha. Saboda haka mai neman takardar fili ya ke zuwa ofishin Gwamnati, ba ƙofar fada ba.

Waɗansu al'amura da yawa sun auku zamaninsa. Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa cikin 1909, Sarki ya ba da 'ya'yan sarauta, daga cikin almajiranta En'e ta sami malamanta na fari. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Turawa auduga suka sa rai, manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa, ta zama arzikin Kano shekaru da yawa. Cikin 1913 ruwa ya ƙi, aka yi babbar yunwa har cikin 1914, mutane da yawa suka halaka. Cikin 1919 Allah ya karɓi ransa, a ke kiransa Maje Nasarawa. Ɗan'uwansa Usman ya gaje shi, daga 1926 sarauta ta koma gidan Abbas, ba ta sāke fita ba.

Abin da aka ɗaura zamaninsa ya bi zuriyarsa. Binciken kuɗin En'e ne ya kai jikansa Sarki Muhammadu Sanusi ga yin murabus cikin 1963. Bayan an yi jihohi cikin 1967 Gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari, gyaran 1976 kuwa ya shafe En'e, ƙananan hukumomi suka gaji Baitulmali, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Gardamar kuɗin ba ta mutu ba, gama cikin Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu hannu da hannu. Ikon sanda kuma ya gangaro daga Gwamna Lugga har ga gwamnan jiha. Cikin 2019 aka raba masarautar Kano biyar, cikin 2020 aka tuɓe Muhammadu Sanusi na Biyu aka naɗa Aminu Ado Bayero, cikin Mayu 2024 aka soke dokar aka mai da Sanusi. Aminu ya sauka gidan Nasarawa, magana ta tafi gaban alƙalai. Dukansu biyu jinin Abbas ne.

Abbas bai zaɓi zamaninsa ba. Ya iske ikon da kakansa ya riƙe ya kuɓuce, ya tsare abin da ya tsaru, watau gidan, da shari'ar talakawa, da zaman lafiyar birni wanda ya ga rashinsa cikin Basasa. Ma'aikatan da suka riƙe littafin haraji da mabuɗin Baitulmali bayansa, aikinsa suka ci gaba da shi.

Allah ya jiƙan Sarki Abbas, ya kyauta makwancinsa, ya zaunad da Kano lafiya, amin.